Amsar Wasiƙunku: Ranar Gobara, Wa Zai Tsaya Ya Yi Tunani?

Wasiƙun da suka taru mana a wannan mako yawancinsu daga kudancin Kano suka fito, wato wajejen Tiga da Bebeji da Kiru da Tudun Wada har Doguwa, kuma uku daga cikinsu maganarsu ɗaya ce, gobara. Ba abin mamaki ba ne. An gama kaka, rumbuna sun cika, harawa na bisa rufin ɗaki, kara ya bushe, iskar hunturu kuma ta fara kaɗawa.

Ta farko daga wani ɗan kasuwar hatsi ce a ƙasar Tudun Wada. Ya ce 'yan'uwansa 'yan kasuwa sun naɗa shi shugaban kwamitin kula da gobara na layinsu, har an yi karo-karo an damƙa masa kuɗi. Yana tambaya me zai fara saya, bokitai ko jar tukunyar nan ta kashe wuta? Ta biyu kuwa daga wani mai sauraro ne a ƙasar Kiru, kuma da zafinta ta zo. Ya ce ya taɓa ganin an yi gobara a wata kasuwa, motar kwana-kwana ta iso, shugabansu ya sauko, maimakon ya sa a fara watsa ruwa sai ya kama zagaya wurin yana yi wa mutane tambayoyi, dukiya kuwa tana ci. Ya ce shin wannan ba ganganci ba ne?

To, zan haɗa ku ku biyu in amsa, domin abin da ya ɓata wa na Kiru rai shi ne amsar tambayar na Tudun Wada.

Alhaji, Allah ya taya ka riƙo. Sayi bokitan, sayi tukunyar, ka tara yashi a rabin duro a bakin kowane layi. Amma ka sani ranar da wuta ta tashi, Allah ya kiyaye, masu ɗaukar bokiti ba sa ƙaranci. Kowa zai zo da nasa, kowa yana ihu, kowa yana ba da umarni. Wanda akan rasa shi ne mutum ɗaya da zai tsaya ya dubi wutar da kyau kafin ya ce a yi kaza. Don wannan aka naɗa ka. Daga Tiga zuwa birnin Kano kusan kilomita 70 ne, Tudun Wada da Doguwa sun fi haka nisa, kuma ko daga ina motar za ta taso, kafin ta iso wuta ta riga ta nuna inda ta dosa. A wannan tsakani kai ne shugaban 'yan kwana-kwana, ko mai unguwa, ko sarkin kasuwa, ko duk wanda jama'a ke jin maganarsa. Kuma kada a ce ai da a birni ne da an tsira. A watan Maris na 2016 kasuwar Sabon Gari ta Kano ta kama cikin dare, shaguna fiye da 3,000 suka ƙone, alhali tana tsakiyar gari.

Kai kuma malam na Kiru, zo mu bi mutumin nan da ka ga yana zagaye, mu ji abin da yake nema.

Abu na farko da yake son ya sani, akwai rai a ciki? In ya tambaya, nan da nan mutum goma za su ce babu kowa. Shugaba mai hankali ba ya karɓar wannan amsa haka nan. Sai ya ce, wa ya duba? Da idonka ka gani, ko ji ka yi? Mai gadin layin yana ina? Yaran da ke kwana a rumfar mai shayi fa? Lokacin da muke koyon aikin malanta an nanata mana cewa in yaro ya ba ka amsa, ko da daidai ce, ka tambaye shi yadda aka yi ya sani. A wurin gobara wannan tambaya rai take ceta. "Na gani" daban, "an ce" daban, "ina jin" kuma daban, amma a cikin hayaniya duk da murya ɗaya ake faɗinsu. Kuma hayaƙi ya fi harshen wuta kashe mutane. Mai barci ba lalle ya farka ya yi ihu ba, saboda haka shirun da aka ji daga ciki ba shaida ba ne.

Sai ya tambayi me ke ci. Mu dai a wurinmu wuta ruwa ne maganinta, amma ba kowace wuta ba. In fetur ne, kamar jarkokin 'yan bumburutu, ruwa ba ya kashe shi, domin fetur ya fi ruwa rashin nauyi, sai ya hau bisa ruwan ya bi shi duk inda ya gangara yana ci. Ka ga da hannunka ka kai wuta rumfar maƙwabci. Wannan sai yashi ko ƙasa ko jar tukunyar da aka yi dominsa. In man gyaɗa ne ya kama a kasko, rufe shi ake yi a kashe murhu. Ka watsa ruwa ya yi tsalle ya same ka a fuska. In wayar lantarki ce, sai an yanke wutar tukuna. A nan ma kada a tsaya ga "ai an ɗauke wuta tun jiya". Yanzu shaguna da yawa suna da janareta ko batirin sola, wayarsu na da rai ko da unguwa duk tana cikin duhu. Sai kuma ya ji ko akwai tukunyar gas a wani shago, ko shagon maganin feshi da taki, don hayaƙin maganin ƙwari guba ne, ba a tsayawa ta inda iska ke kai shi. Duk wannan ba ya cikin motar da ya zo da ita. Yana cikin kawunan mutanen kasuwa, in bai tambaya ba ba zai sani ba.

Ga kuma lissafin ruwa. A ce motar ta zo da lita 4,000, tiyonta kuma yana fitar da lita 500 a minti guda. Ɗan aji huɗu ma zai gaya maka minti 8 ne ruwan ya ƙare. Dam ɗin Tiga da aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ga shi nan cike da ruwa, amma wanda ke cikin dam bai kashe wutar kasuwa sai an sami hanyar kawo shi. To minti 8 ɗin nan a ina za a kashe su? In ya zuba a kan shagon da ya riga ya ci rabi, ruwa ya ƙare, shagon bai tsira ba, wuta kuma ta haye na gaba. In ya bar wannan ya jiƙa na kusa da shi ta inda iska ta dosa, sai a rasa ɗaya a tsirar da ashirin. A hunturu iskarmu yawanci daga arewa maso gabas take zuwa, amma tsakanin gine-gine takan yi kwana, shi ya sa yake duban hayaƙi, yana zagayawa ta baya don ya ga abin da ba a gani daga bakin titi. Zagayen minti ɗaya ko biyu ne. Sauri kan haifi nawa.

Ban ce duk wanda ya tsaya tunani yake yi ba. Akwai tsayuwar ruɗewa, kuma ana gane ta: mai tunani yana tambaya yana ba da aiki, kai je ka yanke wuta, ku ku janye yara, ku buɗe wa mota hanya. Wanda ya ruɗe kuwa ko dai ya yi shiru ko ya bi duk muryar da ta fi ƙarfi.

Maganar murya mai ƙarfi ita ce inda aikinka zai yi wuya, Alhaji. Mai shagon da ke ci yana kuka yana cewa a zuba a nasa, wataƙila ma shi ne ya fi kowa kuɗi a layin, ko surukinka ne. Wani lokaci kuma a kasuwar rumfunan zana da kara ba abin da zai tsai da wuta sai a rushe rumfa ɗaya ko biyu da ba su kama ba, a janye kayan, a bar fili wanda wuta ba za ta iya tsallakawa ba. Wa zai yarda a rushe tasa yana kallo? Babu, in dai a ranar aka fara maganar. Shawarata, ka tara su tun yanzu a yi yarjejeniya a gaban sarkin kasuwa da dagaci, a rubuta, cewa duk rumfar da aka rushe don tare wuta, layi gaba ɗaya ne zai sake gina ta. Cikin kuɗin karo-karon ma ka ware wani abu don haka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai wata wutar da ta fi ta kasuwa ban tsoro, kuma ta shafe ku, don tankokin mai suna bin hanyar Kano zuwa Zariya ta Kwanar Ɗangora dare da rana, ga kuma hanyar da ta ratsa Tudun Wada da dajin Falgore. A daren 15 ga Oktoba 2024 tankar fetur ta faɗi a Majiya, ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa, jama'a suka taru ɗibar mai, ta kama, mutum fiye da 150 suka rasu. Wata uku bayan haka, 18 ga Janairu 2025, aka sake yi a mahaɗar Dikko ta Jihar Neja, fiye da mutum 80, kuma rahotanni sun ce janareta aka tayar don a juye man zuwa wata tankar. Allah ya jiƙansu. Ba na zagin wanda ya tafi da bokiti, kowa ya san yadda kuɗin mai ya koma tun 2023. Amma ga abin da ido ba ya gani: ba ruwan fetur ɗin ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Tururin ya fi iska nauyi, ƙasa-ƙasa yake bi, ya shiga kwata da rami, ya yi nisa da motar. Tartsatsi ɗaya ya ishe shi, na babur, na janareta, na ƙarfe da ya gogi kwalta. Mutum ya duba ya ga babu wuta, sai ya ce lafiya lau. A irin wannan wuri aikin shugaba duka ya ƙare a kan abu ɗaya, korar jama'a can nesa, ta inda iska ke fitowa, a tsare hanya, kada a tayar da kowane inji. Za a zage shi. Ya jure.

To yaya mutum ke samun irin wannan tunani? Haihuwarsa ake yi da shi ko koyonsa ake yi? Wani masani a Amurka mai suna Gary Klein ya shafe shekaru tun wajen 1985 yana zama da shugabannin 'yan kwana-kwana yana tambayarsu yadda suke yanke shawara. Wani daga cikinsu ya ba shi labarin ranar da suka shiga wani gida, wuta kamar a ɗakin girki take. Suka watsa ruwa, ba ta ja da baya ba. Suka ƙara, haka. Kawai sai ya ce wa yaransa kowa ya fita. Suna fita daɓen da suke tsaye a kai ya rufta. Ashe gidan yana da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, can wutar take, a ƙarƙashin ƙafafunsu. Shi kansa da fari ya ɗauka wata baiwa ce gare shi. Da aka bi abin daki-daki sai aka ga dalilai ne: ruwa bai yi aikin da ya saba yi ba, zafin ya fi ƙarfin 'yar wutar da suke gani, kuma wurin ya yi shiru, alhali wuta mai wannan zafi tana da ruri. Abin da ya gani bai yi daidai da abin da ya zata ba, kuma bai matsa wa idonsa ya yarda da zatonsa ba.

Ku manoma kun san wannan tun kafin Bature ya rubuta. Wutar kara ta tashi fuu ta mutu. Wutar ƙaiƙayi kuwa sama toka, ciki garwashi. Masu injin casar shinkafa a Tudun Wada sun san tsibin ɓuntu yakan yi kwanaki yana ci ta ciki ba a gani, auduga ma haka, buhunan hatsi da aka jibge ma haka. Saboda haka in an ce an kashe, shugaba ya sa a tone a baza, a sa mai tsaro ya kwana. Gobara da yawa sau biyu take tashi, ta biyun bayan kowa ya tafi gida.

Labari na biyu ya fi wannan ɗaci, kuma don kai na kawo shi, Alhaji. A ranar 5 ga Agusta 1949, a wani kwari da ake kira Mann Gulch a jihar Montana ta Amurka, aka sauke masu kashe wutar daji 15 daga jirgin sama da laima, suka tarar da wani ma'aikacin daji ɗaya a can. Shugabansu Wagner Dodge. Suna gangarawa wajen kogi sai ya hango wuta ta tsallako ta tare gabansu. Ya ce a juya, suka kama hawan tudu cikin busasshiyar ciyawa. Wuta kuwa ta fi gudu in tana hawan tudu, mutanen Riruwai da sauran masu zama gindin duwatsu su riƙe wannan. Ya ce a yar da kayan aiki. Da ya ga duk da haka za ta cim musu, sai ya tsaya ya ƙyasta ashana ya cinna wa ciyawar da ke gabansa, ta ci ta bar fili, ya shiga cikin tokar ya kwanta, yana kiransu su zo. Ba wanda ya zo. Suka ga mutum yana kunna wuta alhali wuta ke korarsu, suka ɗauka ya zare. Babbar wutar ta zo ta raba ta gefensa ta wuce don ba abin da za ta ci a wurin, ya tashi da ransa. Wasu biyu suka tsira ta wani tsagin dutse. Mutum 13 suka mutu.

Tunaninsa daidai ne, amma shi kaɗai ya cetar. Yawancin yaran ba su saba aiki da shi ba, ba a taɓa nuna musu wannan dabara ba, kuma a cikin rurin wuta ba lokacin bayani. Ka ga ke nan bai isa kai kaɗai ka iya tunani ba. Sai mutanenka sun san dalilanka tun ana zaune lafiya.

Yadda za ka yi ba ya cin kuɗi. Ranar da ba ta kasuwa ba, ka ɗebi 'yan kwamitinka da masu gadi da 'yan dako ku zagaya. Ka tsaya a bakin wata rumfa ka ce, a ce nan ta kama da ƙarfe biyun dare, iska daga can, me za mu fara yi? Ka bar su su amsa, kuma ka fara da ƙaramin cikinsu, domin in babba ya riga ya yi magana yaro ba zai saɓa masa ba, alhali ɗan dako ya fi ka sanin lungun da ya toshe da shagon da ake ɓoye jarkoki. In sun ba da amsa ka canja musu: to rijiyar ta ƙafe fa? To mai makullin ƙofar ya tafi ƙauye fa? Wani mako a sake wata rumfar. Ku je ofishin kashe gobara mafi kusa da ku da ƙafarku, ku karɓi lambar waya, ku roƙi su zo su ga kasuwar, su ga inda mota za ta shiga da inda za ta sha ruwa. In kuma an yi wata 'yar gobara, ko da ta kasko ce, bayan kwana biyu a zauna a bi ta: me muka zata, me muka tarar, me ya ba mu mamaki? Amma fa kada zaman ya koma neman mai laifi. Ranar da aka kunyata mutum ɗaya a irin wannan zama, daga ranar ba wanda zai ƙara faɗin gaskiya. Haka in kun ji an yi a wata kasuwa, ku zauna a kanta kamar taku ce. Gemun ɗan'uwanka ya kama, shafa wa naka ruwa.

Su ma shugabannin 'yan kwana-kwana na gwamnati, in suna saurare, wannan zaman ya shafe su. Fareti da goge mota suna da kyau, amma ƙaramin ma'aikaci da ya ga bango yana tsagewa ya kamata ya san in ya faɗa za a saurare shi.

Saura wasiƙa ta uku, daga wani manomi a ƙasar Doguwa wanda gonarsa ke kusa da dajin Falgore. Ya ce kowace shekara wutar masu farautar gafiya da masu cin zuma tana yi masa barazana, shin ya halatta ya tarbe ta da tasa wutar? Baba, Falgore gandun gwamnati ne, sa wuta a cikinsa laifi ne, wannan a ajiye shi gefe. A gonarka kuwa, abin da ya fi shi ne ka share fili mai faɗi kewaye da inda ka tara dami da harawa tun kafin ciyawa ta gama bushewa, ka share har ƙasa. In za ka ƙone gefen, ka yi da sassafe ko da yamma lis sa'ad da iska ta kwanta, da mutane riƙe da ɗanyen ganye, bayan ka sanar da maƙwabtan gona da Fulanin da ke kiwo kusa, kuma kaɗan-kaɗan, ba a tafi sai ta mutu. Amma tarbar wuta da wuta bayan ta riga ta taso da rana tsaka cikin iska, kada labarin Dodge ya ruɗe ka. Shi ya yi ne don ya ga mutuwa ba mafita. Wanda ya yi don ceton dami, in iska ta juya ya zama wuta biyu ke nan, kuma ta biyun tasa ce, shi za a kai gaban alƙali in ta ci gonar wani. In ta taso, ka fara janye yara da dabbobi, kada kowa ya tsaya a saman tudu ko a gabanta, a bi ta ta gefe da ta baya inda ta riga ta cinye.

Sauran wasiƙun, har da ta mai tambaya a kan ajiyar albasa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.